RAV4 ko CR-V: yadda Yaya ya zaɓi motar gida bayan litar mai ta haura naira dubu

A ƙarshen shekarar 2024 yayana ya yanke shawarar rabuwa da tsohuwar 406 ɗinsa. Ta yi masa hidima shekaru masu yawa, amma tsufa ya kama ta, yara kuma sun girma. Malamin kwaleji ne a Kano, yana da mata da yara uku, yana da gonar shinkafa a yankin Kura da yake zuwa duk ƙarshen mako, sannan wata ba ya ƙarewa bai je Kaduna ya gaida Hajiyarmu ba. Da muka zauna muka lissafa, tafiyarsa a wata tana kai kilomita 1,500. Ƙaramar jif yake so, wadda za ta shiga hanyar gona da damina, ta ɗauki iyali da kayansu, kuma kada ta cinye albashi a gidan mai.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya fi damunsa. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Zuwa watan Oktoban 2024 ta haura naira dubu a gidajen mai da yawa. Mutumin da a da ba ya tambayar abin da mota ke sha, yanzu shi ne tambayarsa ta farko kafin ya tambayi launi.

Kuɗin da ke hannunsa sun tsayar da shi a kan motoci biyu da ya gani a wajen wani dila, dukansu tokumbo daga Amurka: Toyota RAV4 ƙirar 2014 mai jan taya huɗu, da Honda CR-V ƙirar 2015 mai jan tayoyin gaba kawai. Farashinsu ya yi kusa da juna, RAV4 ɗin ta ɗan ɗara duk da ta girmi ɗayar da shekara guda. Ni ya kira saboda ya san ina bin labarin motoci, sai kuma bakanikensa da suka shekara da shekaru tare.

Abin da takarda ta ce

Na fara da alƙaluman da kamfanonin suka sayar da motocin da su, don kada mu yi cinikin biri a sama. RAV4 tana da inji mai lita 2.5 da ƙarfin doki 176, giyarta otomatik ce mai hawa shida. CR-V ta 2015 injinta lita 2.4 ne, ƙarfin doki 185, amma giyarta irin marar hawa-hawa ce da ake kira CVT. A shekarar ce Honda ta sauya wa CR-V inji da giya a lokaci guda. Ƙirar 2012 zuwa 2014 giya mai hawa biyar gare ta. Ke nan wanda ya ce maka “CR-V” bai gama magana ba sai ya faɗi shekara, domin jiki kusan ɗaya ne amma abin da ke ƙarƙashin bonet ya bambanta ƙwarai.

Wajen shan mai, bisa gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, RAV4 mai jan taya huɗu tana yin kilomita 9.4 da lita ɗaya a cikin gari, 12.3 a babbar hanya, idan an haɗa 10.6. CR-V ɗin tana yin 11.5 a gari, 14.5 a hanya, a haɗe 12.3. Na buga wa Yaya lissafi a waya: a kilomita 1,500, RAV4 za ta sha wajen lita 142, CR-V lita 122. Ratar lita 20 ke nan a wata, 240 a shekara. Idan aka ƙaddara lita a naira dubu don sauƙin lissafi, naira dubu 240 ne duk shekara. Ga mai albashi wannan ba kuɗin rainawa ba ne, ya isa kuɗin makarantar yaro na wani zango.

Nan take zuciyarsa ta karkata ga CR-V. Sai dai na ja hankalinsa cewa wani ɓangare na ratar daga jan taya huɗun ne, ba daga sunan kamfani ba. RAV4 mai jan gaba kawai tana yin 11 a haɗe. Kuma gwajin nan an yi shi ne da sabuwar mota da mai mai tsabta, ba da motar da ta shekara goma ba, ba kuma a cunkoson Kabuga ko Na'ibawa da esi a kunne cikin zafin Afrilu ba. Abin da za a ɗauka daga alƙaluman shi ne ratar da ke tsakaninsu, ba adadin kansa ba.

Ciki da but

Ranar da muka koma da Anti, matar Yaya, ba ta ɗau minti goma ba ta zaɓi tata. Ta zauna a bayan CR-V, ta ga ƙasan a shimfiɗe yake ba tudu a tsakiya, wanda zai zauna a tsakiya yana da wurin ajiye ƙafa. Ta kuma ga akwai ƙofar iskar esi ta 'yan baya, abin da RAV4 ta wannan zubin ba ta da shi. Wanda bai taɓa ɗaukar yara uku daga Kano zuwa Kaduna da rana tsaka a watan Maris ba zai ce ƙaramin abu ne. Sannan a but ɗin CR-V akwai hannu a kowane gefe, kana ja kujerar baya ta naɗe da kanta ta kwanta. Bakin but ɗin ma ya yi ƙasa, ɗora kaya ba ya buƙatar ɗagawa sosai.

RAV4 ta fi ta faɗin but da kaɗan. Dukansu suna wajen lita dubu idan kujeru na tsaye, idan an kwantar da su RAV4 ta kai wajen 2,080, CR-V 2,010. Da ido ba ka ganin bambancin. Tun daga ƙirar 2013 Toyota ta cire safaya daga ƙofar baya ta mayar da ita ƙarƙashin but, ƙofar kuma ta koma buɗewa sama. Saboda haka duka biyun ƙaramar taya ta wucin gadi ce da su, wadda ba a so a wuce gudun kilomita 80 da ita. Bakaniken ya ce ko wacce aka saya, a nemi cikakkiyar taya a riƙa tafiya da ita in za a yi doguwar hanya.

A nan ne na buɗe ƙofar direba na nuna wa Yaya wata 'yar takarda da ke manne a jikin ginshiƙin, wadda mutane ba sa karantawa. A kai ake rubuta iyakar nauyin da mota za ta ɗauka, kuma a motocin nan biyu wajen kilo 400 ne, har da mutanen da ke ciki. Shi da Anti da yara uku sun riga sun cinye fiye da rabi. Abin da ya rage bai wuce buhu ɗaya da 'yan jakunkuna ba. Ya yi shiru, don a ransa ya riga ya ga buhunan shanshera huɗu a baya. Na ce masa, “Yaya, but ɗin zai ɗauka, amma shokazoba da tayoyi ne za su biya.” Waɗannan motoci sunan jif kawai suka ci. Asalinsu a kan ginin ƙaramar mota aka ɗora su, tazarar cikinsu da ƙasa wajen santimita 16 ce, ba su kusa da Hilux ba. Kwasar amfanin gona aikin a-kori-kura ne, ya ci gaba da ɗaukar haya kamar yadda ya saba.

A kan titi

Dilan ya yarda muka fita da kowacce zuwa wajen gari a titin Zariya, yaronsa na zaune a baya. A gudu ba su da wani bambanci da za a kafa hujja da shi, kowacce tana kai kilomita 100 a cikin daƙiƙa tara ko kusa da haka. Bambancin yana cikin yadda suke ba da ƙarfin. RAV4 kana jin tana sauya giya ɗaya bayan ɗaya, in ka taka totur don wuce tirela sai ta sauko da giya ta zabura. CR-V ba ta da hawa-hawa. CVT bel ne na ƙarfe da ke gudana tsakanin fuli biyu masu tsukewa da buɗewa, don haka in ka taka sai ƙarar inji ta tashi ta tsaya wuri guda, gudu kuma ya riƙa ƙaruwa a hankali ba tare da gargada ba. Yaya da ya saba da giyar hannu ya ɗauka kulocin ne ke zamewa. Lafiyarta ƙalau, haka aka ƙera ta, kuma da wannan dabarar take rage shan mai, saboda tana riƙe inji a inda ya fi tattali.

A ramuka CR-V ta fi laushi. RAV4 tana da ɗan tauri, ana jin gargadar hanya a kujera. Da muka sauka daga kwalta muka shiga wata burji mai yashi, sai RAV4 ta nuna nata amfanin. A tafiyar yau da kullum tayoyin gaba ne ke ja, idan sun fara sulɓi sai ta tura ƙarfi baya, amma akwai maɓallin da za ka danna ta raba ƙarfin gaba da baya tun kafin ka shiga wuri mai wuya, muddin ba ka wuce gudun kilomita 40 ba. Ga wanda zai ratsa taɓon bakin fadama a watan Agusta, wannan maɓalli shi ne bambancin isa gona da neman matasa su turo ka.

Kowacce tana da abin da aka san ta da shi a Amurka, kuma mun je da shirin dubawa. An yi ƙorafi a kan wasu CR-V na 2015 cewa suna rawar jiki idan an tsaya da giya a ciki, har Honda ta fitar da umarnin gyara ga garejinta. Wasu RAV4 na 2013 zuwa 2015 kuma an same su da karkarwa daga ɓangaren giya idan ana tafiya a matsakaicin gudu da totur kaɗan, Toyota ta tsawaita garanti a kan hakan. Mun tsaya da CR-V a giya, esi a kunne da kashe, mun kuma ja RAV4 a hankali tsakanin 40 da 80. Ba mu ji komai ba a duka biyun.

Abin da bakanike ya ce

Wannan ne ɓangaren da ya fi ɗaukar mu lokaci, kuma a ganina shi ya fi kowane nauyi. Bakaniken bai kushe CR-V ba. Cewa ya yi, “Malam, motar tana da kyau. Tambayata ita ce, ran da ka tsaya a Kwanar Dangora ko Jaji, wa zai taɓa maka ita?”

Hujjarsa biyu ce. Ta farko man giya. CVT ɗin Honda nata man daban ne, ana kiransa HCF-2, kuma ba ta yafe kuskure. A garejinmu an saba da jan man giya guda ɗaya da ake ɗura wa kowace mota. In aka zuba mata shi, bel zai fara zamewa, fuli ya karce, daga nan sai sayen wani giyabos. Giyar RAV4 ma tana da nata man, wanda ake kira WS, kuma ita ma ba a so a sauya mata, amma irin giyar ce da kanikawa suka daɗe suna buɗewa suna gyarawa. Injinta kuma shi ne a cikin Camry ta 2010 zuwa 2017, wadda ta cika gari, don haka fulogi, kwayil, famfon ruwa, har injin sukutum, in ka shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka ba za ka sha yawo ba.

Ta biyu man fetur ɗin kansa. Injin CR-V na 2015 yana fesa mai ne kai tsaye cikin silinda da matsi mai ƙarfi, yana da famfo na biyu na musamman da nozul masu tsada. Na RAV4 tsohon tsari ne, yana fesawa a bakin bawul da matsi kaɗan, kuma man da ke wucewa yana wanke bawul ɗin daga dauɗa. Sabon tsarin ya fi tattali, tsohon ya fi haƙuri da gurɓataccen mai. Duk mai mota a ƙasar nan bai manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai sinadarin methanol fiye da ƙima, motoci suka lalace, layuka suka dawo gidajen mai. Ko ba wannan ba, wanda ke zuwa ƙauye wata rana dole zai sayi galan a hannun 'yan bumburutu.

Na yarda da shi, amma ban bar maganar ta tafi a haka ba, domin akwai rashin adalci a ciki. Yawancin abin da ake ɗora wa sababbin injina a nan, laifin hannun da ke taɓa su ne. Motocin nan biyu baƙin mai mai ruwa-ruwa 0W-20 aka rubuta musu, amma sai a ɗura musu mai kauri 20W-50 wai don ƙasarmu da zafi. A cire tamostat a jefar, a haɗa fanka ta riƙa juyawa kai tsaye, inji ya kasa kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, kwamfutar mota ta ɗauka har yanzu da sanyi ta ci gaba da ƙara mai. A fasa salansa a cire abin tace hayaƙin da kanikawa ke kira indomi. Bayan duk wannan sai mai mota ya ce kamfani ya yi ƙarya a kan shan mai. Wanda zai sayi man da ya dace da hannunsa, ya tsaya a zuba a gabansa, CR-V za ta yi masa shekaru lafiya. Ni da a ce tawa zan saya, da tafiyata duk a kwalta take, ita zan ɗauka.

Amma ba ni zan hau ba. Na san Yaya: yaro yake ba wa makulli ya kai sabis, shi yana aji. Kuma hanyar gonarsa ba ta san kwalta ba.

Ranar da aka ɗaga kafet

Bayan kwana biyu ya ce RAV4 zai saya. Anti ba ta ji daɗi ba, amma ta ce Allah ya sa albarka. Kafin a biya kuɗi bakaniken ya nemi a ba shi awa ɗaya. Ya sa na'ura ya karanta kwamfutar motar, ba ta nuna wani laifi ba. Sai ya zare bel ɗin kujera har ƙarshe, muka ga wani zane mai ruwan ƙasa ya ratsa shi. Ya ɗaga kafet ta ƙarƙashin kujerar direba, ga busasshen laka a lungu, ga tsatsa a kan kusoshin kujera, kan wayoyin kuma ya yi kore. Ruwa ya taɓa shanye motar. Duk lokacin da guguwa ta yi ambaliya a Amurka, kamar Harvey a Texas a 2017 ko Ian a Florida a 2022, kamfanonin inshora kan yi gwanjon motocin da ruwa ya ci, wasunsu kuma a wanke su a loda a jirgi zuwa Afirka ta Yamma. Irin wannan mota tana iya yin wata shida lafiya, sannan wayoyi su fara ruɓewa ɗaya bayan ɗaya, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe fitilar jakar iska ta kama. Dilan ya ce shi ma haka aka kawo masa, ya yi tayin rage kuɗi mai tsoka. Yaya ya kalle ni, na girgiza kai. Araha ba ta ado.

CR-V ɗin kuwa da aka yi mata irin wannan binciken, tsaf take. A nan Yaya ya sake shiga ruɗu: ga lafiyayyiyar mota a gabansa wadda matarsa ke so, ga kuma irin da ya zaɓa ta zo da cuta. Na ce masa in dai dole yau zai saya, kuma tsakanin waɗannan biyun ne, to CR-V ba tare da wata-wata ba. Duk abin da muka tattauna na giya da kayan gyara bai kai illar ruwa ba. Amma ba wanda ya ce dole sai yau.

Jinkirin ya ba ni damar kawo maganar da na so kawowa tun farko. Cibiyar IIHS, wadda kamfanonin inshorar Amurka ke ɗaukar nauyinta, tana wani gwaji inda kashi ɗaya cikin huɗu na gaban mota ta ɓangaren direba ke dukan shinge a gudun kilomita 64, kwatankwacin yadda motoci biyu ke gogar juna gaba da gaba a hanya mai hannu biyu. RAV4 ta 2013 da 2014 ta samu maki mafi ƙasa a wannan gwaji. Toyota ta ƙarfafa ginin a ƙirar 2015 da aka ƙera bayan Nuwamban 2014, ta samu maki mafi sama, kamar yadda CR-V ta 2015 ta samu. Ga mai bin hanyar Kano zuwa Kaduna, inda aikin titi ya sha tilasta wa motoci haɗuwa a hannu ɗaya, wannan ya fi mini ƙofar esi da faɗin but muhimmanci. Na ce in RAV4 ce, to a nemi ta 2015. Gane shekarar ba wuya: lambar shasi harafi da lamba 17 ce, na goma shi ke nuna shekara, E ta 2014, F ta 2015. Dila zai iya sauya fitila da bamba ya ce maka sabon zubi ce, amma wannan harafin yana nan a gindin gilashin gaba.

Sati uku aka yi kafin a samu. Ta zo ta tashar Tin Can a Legas da takardun kwastam cikakku, mai jan taya huɗu, ta ɗan fi ta farkon tsada, sai da ya sayar da wani ɓangare na shinkafar da ya ajiye ya cika. Kafin ta kwana a gida aka juye baƙin mai aka zuba 0W-20, aka tabbatar tamostat da indomi suna nan, aka sauya tayoyi biyu da shekarunsu suka ja.

Bayan shekara guda

Na roƙe shi ya ajiye ƙaramin littafi a motar, duk shan mai ya rubuta lita da abin da mita ta nuna. Ya yi hakan, ko da yake da tsallake. A cikin gari da esi ba ta kai abin da takarda ta faɗa, kamar yadda muka zata. A hanyar Kaduna, in ya tsaya a gudun 100, tana kusantar alƙaluman. In ya haura 120 sai allura ta riƙa sauka a gabansa. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne tasirin iskar taya: watan da ya yi sakaci da ita ya ga bambanci a littafin. Ba ya musun cewa da CR-V ce da ya rage kashe kuɗin mai, yakan faɗa da bakinsa duk ran da ya cika tankin lita 60.

Damina ta zo ta wuce, ya shiga gona duk mako. Sau biyu ya ce ya danna maɓallin nan a mashigar fadama, ya fita ba tare da an tura shi ba. Sau ɗaya kuma cikin motar ya daki kunya ya lanƙwasa murfin ƙasa, abin da ya tuna masa cewa santimita 16 ɗin nan ba ta ƙaru ba don tayoyi huɗu na ja. Yara a baya har yanzu suna ƙorafin zafi kafin sanyi ya iso gare su, sai Anti ta karkatar da ƙofofin iskar gaba zuwa tsakiya. Buhu kuma ɗaya yake ɗorawa in iyali na ciki, biyu in shi kaɗai ne, sauran a-kori-kura ke kawowa gida.